Me ya sa RNA ɗin gansakuka ke fitowa kore mai yauƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a Gusau. Ina ɗebo koriyar gansakuka a madatsar ruwa ta Bakolori da ke Talata Mafara domin in ciro RNA da sinadarin TRIzol. Abin da ke kwantawa a gindin kwalbar kore-kore ne mai danƙo, ba ya narkewa sosai, ma'aunin 260/230, mai nuna tsabtar RNA, bai wuce 0.7 ba, gwajin RT-PCR, mai mayar da RNA zuwa DNA ya ninka shi, kuma ya ƙi tashi. Yaya zan rabu da launin nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Launin da ya tsone miki ido shi ne ƙaramar matsalarki. Kulorofil da sauran launukan gansakuka ba sa jituwa da ruwa, don haka in kin zuba kulorofom 0.2 ml a kan TRIzol 1 ml kin juya a injin juyawa a 12,000 g na minti 15 a sanyin digiri 4, ƙasa suke komawa. In ruwan saman ya fito da kore, ɗayan biyu ne: ko kin cika samfur, ko bakin fifet ɗinki ya taɓa farin layin tsakiya. Kada samfurin ya wuce miligiram 50. Ki ɗebi ruwan saman ki bar saura, ki sake wanke shi da kulorofom har ya yi garau.

Yauƙin nan shi ne abin dubawa. Ki tuna santsin gansakuka a kan dutsen bakin rafi: dogayen sarƙoƙin sukari ne da take lulluɓe jikinta da su, ga sitacin da take tarawa a ciki. Suna bin RNA zuwa ruwan sama, isofurofanol kuma ya kwantar da su tare, shi ya sa kike ganin abu kamar miyar kuɓewa. Su da ragowar gishirin guwanidin da fenol na cikin TRIzol ne ke jan 260/230 ƙasa, alhali ana son ya kai wajen 2.0, kuma su ne ke shaƙe enzayim ɗin RT-PCR.

Kafin ki canza hanya, ki gyara wadda kike kai. Bayan kin niƙa a cikin TRIzol, ki juya na minti 10 ki zubar da tukar kafin kulorofom ya shiga. Wajen kwantar da RNA, maimakon isofurofanol 0.5 ml, ki sa 0.25 ml nasa da 0.25 ml na ruwan gishiri mai ƙarfi, wato sodiyom sitiret 0.8 M da NaCl 1.2 M. Gishirin yana hana sukarin kwantawa. Ki wanke da etanol kashi 75 sau biyu, kada ki bari ta bushe ƙayau, don ba za ta narke ba.

In yauƙin ya ƙi, ni hanyar sinadarin CTAB nake komawa, wadda Chang da abokan aikinsa suka fitar a 1993 domin itacen fain: CTAB kashi 2, PVP kashi 2, NaCl 2 M, da beta-makaptoetanol kashi 2, a ɗumama zuwa digiri 65. Sai kulorofom da isoamil 24:1 sau biyu, sannan LiCl ya kwana da shi a digiri 4. LiCl yana kwantar da RNA ya bar yawancin sukari da DNA a ruwa, sai dai yana asarar ƙananan RNA. Don Allah ki yi aikin nan a akwatin zuƙe hayaƙi da safar hannu. Fenol yana ƙona fata.

Abin da ya fi damuna ma ba ki tambaye shi ba, wato hanyar Mafara zuwa Gusau. Gansakukar da ta yi tafiya a jarka, cikin duhu da zafin watan Afrilu, ta riga ta sauya ƙwayoyin halittar da take kunnawa, RNase, enzayim mai lalata RNA, kuma ya fara ɓarna. Ki tace ta nan bakin ruwa, ki tsane da takarda, ki jefa a naitirojin mai ruwa ko RNAlater, ruwan adana RNA, nan take. Irin su Chlorella da Scenedesmus bangonsu tauri gare shi, TRIzol kaɗai ba ya fasa su. Sai an daka a turmin lab mai sanyi har su zama gari, ba tare da sun narke ba. Ki kuma tabbatar da janareta kafin ki fara, kada wuta ta ɗauke samfur yana cikin injin juyawa.

Ruwan dam ba jinsi ɗaya ke cikinsa ba. In jinsi guda kike nazari, ki ware shi ki raine shi a BG-11, ruwan rainon gansakuka, tukuna.

Bayan kin sa DNase, enzayim mai cinye DNA, ki duba RNA ɗin a jel. In kin ga layuka fiye da biyu kada ki zubar: ban da layukan 25S da 18S da aka saba gani, kulorofilas, sashen da kulorofil ke zaune, yana da nasa 23S da 16S. Wadda ta lalace shafe take fitowa, ba layi.