Amsa: zanen barkwancin yaƙi a bangon falo

Malam, ka tambaya ko zanen barkwanci na lokacin yaƙin duniya na biyu zai dace da falo in an buga shi a kanbas. Wallahi yana kyau, ni nan Agege na rataye na David Low, wani mai zanen barkwanci a jaridun Birtaniya, na 1939, wanda Hitila da Stalin suke rusuna wa juna ga gawa kwance a tsakaninsu, duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya kallo. Kakana ya je yaƙin Bama, shi yasa abin ke taɓa ni. A Shomolu aka buga min. Amma ka kula da danshin Legas, na farkon da na yi damina ɗaya bayansa duk ya yi funfuna, sa ɗan katako tsakaninsa da bango iska ta riƙa shiga.