Waƙar ibada ce ko ta mai shakka?

Malam, ka tambaya ko "Hallelujah" ta Leonard Cohen waƙar ibada ce, tunda ana rera ta a coci. A ganina, a'a. Cohen Bayahude ne ɗan Kanada, ya fitar da ita a 1984. Ya ɗauko labarin Sarki Dauda da Batsheba, da na Samson da aka aske wa gashi, yadda Baibul ya kawo su, ba yadda mu Musulmi muka san Annabi Dawud ba. Maza ne da son mace ya kayar. Mai waƙar yana yabon Ubangiji, amma imaninsa na tangal-tangal, kuma bai ɓoye ba. Shi ya sa wasu mawaƙan coci kan sauya baitocin kafin su rera.