Amsa ga Hajiya kan sayen suwaitar ulu a Ailan

Hajiya, kin ce za ki zo Dublin bikin kammala karatun ɗanki, kina son ki sayi suwaitar gargajiyar nan ta tsibiran Aran tsaraba, amma ba ki san wadda ta cancanci kuɗinta ba. Allah ya sanya albarka a karatun. Na daɗe a Galway, birnin da ke yammacin Ailan, na saya wa kaina, na kuma raka baƙi da dama.

Kafin ki tambayi farashi, juya wuyan rigar ki karanta ɗan ƙyallen da ke ciki. In an rubuta "hand knit", mutum ne ya zauna da allurai biyu ya saƙa ta, aikin makonni. "Hand loomed" kuwa a ƙaramin injin da ake turawa da hannu aka yi ta. In babu ko ɗaya, saƙar masana'anta ce. Duk ukun suna da kyau, suna kuma maganin sanyi, sai dai kada ki biya kuɗin saƙar hannu a ba ki ta inji. Ta hannu ki ɗaga ta za ki ji nauyi, igiyoyin adon sun taso ɓul-ɓul, idan kika duba da kyau za ki ga wani zare ya ɗan fi wani matsewa. Kuɗinta ninki ne na ta inji, wani lokacin ya wuce.

Sai ulun kansa. Na tumakin ƙasar yana da kaushi, ga ɗan warin maiƙon tunkiya in ba a wanke shi sosai ba. Maiƙon nan ne yake hana ruwa saurin ratsa rigar. Mai laushin da ya cika shaguna na wani irin tumaki ne da ake kira merino, galibi daga waje ake shigo da shi, a saƙa a nan. Ki goga hannun rigar a wuyanki kafin ki biya. Mahaifina na kai wa mai kaushin, sau ɗaya ya sa ya ce ƙaiƙayi ya hana shi sakat. Tun daga nan tsofaffi da yara merino nake saya musu.

Za a gaya miki kowane dangi da nasa zanen saƙa, wai da shi ake gane gawar masuncin da teku ya ci. Labari ne mai taɓa zuciya, amma masana tarihin saƙar sun ce ba shi da tushe. Rigar ma a farkon ƙarni na 20 ta ɗauki wannan siffa. Kada a ƙara miki kuɗi saboda shi. Launin asali shi ne fari mai kama da madara, ulun da ba a rina ba.

In da hali ki je tsibiran Aran ɗin, su uku ne a bakin gaɓar Galway. Jirgin ruwa na tashi daga tashar Rossaveal, yamma da birnin Galway, zuwa Kilronan a Inis Mór, mafi girman tsibiran. In lokaci ya ƙure, shagunan Dublin sun wadatar.

Tunda ba a Tarayyar Turai kike zaune ba, ki nemi takardar maido da harajin VAT tun a shagon. Kashi 23 cikin ɗari ne a kan tufafin manya, amma sai sayayyar ta wuce Yuro 75, kuma kamfanin da ke maido da kuɗin zai cire ladansa.

Don Allah kada a jefa ta a injin wanki da ruwan zafi. Haka na yi asarar ta farko da na saya, ta ƙanƙance ta yi tauri, har yau abin na damuna. Ruwan sanyi, a matse a cikin tawul, a shimfiɗa ta a inuwa. In aka rataye ta kan igiya sai ta zazzago. Hunturu na wucewa a wanke ta a ajiye a jaka mai rufi saboda asu. Kuma in mai rigar a Kano yake, ki ɗauki mara nauyi mai maɓalli a gaba, mai kaurin sai 'yan Jos.