Tambayoyin Masu Karatu: Awon filin da bayansa ya fi gabansa faɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi fili a bakin titi, gabansa ƙafa 60, bayansa ƙafa 110. Gefen dama ya miƙe sak, ƙafa 120 ne, na hagu kuwa ya karkace, ƙafa 130. Dillali ya ce girmansa murabba'in ƙafa 10,625, safiyo kuma ya rubuta 10,200. Maganar wa zan kama?
Mai karatu daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kama ta safiyo. Fili mai gefe huɗu wanda gabansa da bayansa suke tafiya a jere, ba za su haɗu ba duk nisan da aka ja su, shi ake kira tirafiziyam a darasin lissafi. Ana haɗa gaba da baya, a raba biyu, sannan a ninka da zurfin filin. Wato 60 da 110 sun ba da 170, rabinsa 85, sau 120, ya tashi 10,200. Fuloti biyu ke nan masu 50 da 100, da ɗoriyar murabba'in ƙafa 200.

A wurin zurfin nan ake faɗuwa. Zurfi shi ne tazarar da ke tsakanin gaba da baya a miƙe, ba tsawon karkataccen gefe ba. Dillalinka ya haɗa 120 da 130 ya raba biyu, ya samu 125, ya ninka da 85. Karkataccen gefe kullum ya fi zurfin tsawo, don haka wannan hanya ƙara wa fili girma take yi a takarda, ba ta taɓa rage shi. Murabba'in ƙafa 425 da aka ɗora maka babu su a ƙasa. Ba lallai ne ha'inci ba, da yawa haka suka koya, amma in da awo aka yi ciniki to kuɗinka ne.

Don ka tabbatar gefen dama a miƙe yake, kafa turke a kusurwar, ka auna ƙafa 30 ta gaba, 40 ta gefe. In tsakanin alamun biyu ƙafa 50 ne cif, kusurwar ta yi sukwaya. Kuma a ja tef ɗin ya ɗame. Wanda ya saki ko ya bi kan tudu ƙarin ƙafa yake bayarwa.

Tambaya: Idan ban auna karkataccen gefen ba, zan iya sanin tsawonsa don lissafin bulon katanga?
Magini daga Gusau

Amsa: Za ka iya, da dokar Fitagoras. Mu ɗauki filin da ke sama. Cire gaba daga baya, saura 50. Ninka 50 da kansa, 2,500. Ninka zurfin da kansa, 14,400. Jimla 16,900, kuma lambar da za ta ninka kanta ta ba da haka ita ce 130. In gefen biyu ne suka karkace daidai wa daida, sai ka raba hamsin ɗin biyu tukuna. Kewayen filin ƙafa 420 ne. Bulo mai tsawon inci 18 zai ci kamar 280 a kowane layi, kafin a cire ƙofa.

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar fili irin wannan, mu biyu ne maza. Yayana ya ce a ja igiya a tsakiyar zurfin, ni in ɗauki gaba shi baya. Rabon ya yi daidai?
Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku. Rabon bai yi daidai ba. Da alƙaluman da muka yi amfani da su, igiyar tsakiya ƙafa 85 ce, na gaba zai samu 4,350, na baya 5,850. Bambancin 1,500 ba ƙaramin abu ba ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce a yi alama a tsakiyar gaba, a yi a tsakiyar baya, a ja igiya tsakaninsu. Kowa zai samu ƙafa 30 a gaba, 55 a baya, girma 5,100, ga shi kowa yana da ƙofa a titi. Wannan dabara tana aiki ko da namiji da mace ne: a kasa gaba uku, a kasa baya uku, shi biyu ita ɗaya, ya tashi da 6,800, ita 3,400. In kuwa kun dage sai an yanka a kwance, igiyar za ta matsa zuwa kusan ƙafa 68 da rabi daga titi, ba 60 ba. Sai dai ku sani, bakin titi ya fi baya daraja, don haka masu rabon gado kan yi wa kowane kashi kuɗi kafin a kafa turaku.

Duk wannan lissafi ya rataya ne a kan gaba da baya suna a jere. Ku auna zurfin a wuri biyu. In awon ya saɓa, ku ja tef daga kusurwa zuwa wadda take fuskantarta, filin ya zama alwatika biyu, a lissafa kowace daban a haɗa.