Amsoshin Tambayoyinku: Cefanar da DICON za a yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Injiniya. Ina da shagon walda da injin sassaƙar ƙarfe a Panteka. Kwanaki na ji a rediyo wai DICON, kamfanin ƙera makamai na gwamnati, zai riƙa haɗa gwiwa da 'yan kasuwa. Anya ba irin cefanarwar da aka yi wa NEPA ba ce aka sauya wa suna? Kuma a ƙasar da 'yan bindiga suka hana mu sakat, ina hikimar sa ɗan kasuwa cikin harkar makami? In kuwa alheri ne, irinmu masu ƙananan shaguna muna da rabo?
Daga wani mai walda, Panteka, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ba sayar da shi aka yi ba. DICON na nan hannun gwamnati, ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro, kuma masana'antarsa na nan Kakuri inda ka san ta. Abin da ya sauya shi ne doka. A Nuwamban 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwa wadda ta maye gurbin ta 1964, ta buɗe wa kamfanin ƙofar yin tarayya da masu jari na gida da na waje, ta kuma ba shi ikon sa ido kan masu ƙera kayan tsaro a ƙasar.

Haɗin gwiwar ma ba baƙo ba ne a gidan. Wani kamfanin Jamus ta Yamma, Fritz Werner, shi ya kafa injunan farko. Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, aiki ya kankama saboda soja na bukatar harsashi kullum. Da yaƙi ya ƙare ciniki ya ja baya, har aka wayi gari masana'antar bindiga tana yin kujeru da tebura don ta samu na biyan albashi. Mutane kan ba da wannan labari don dariya. Ni ba ya ba ni dariya, domin a nan ciwon yake. Mai gyaran mota yana da masu kawo masa aiki ɗari; in ɗaya ya yi fushi, saura na nan. Mai ƙera bindigar yaƙi kuwa mai sayensa ɗaya ne tal, gwamnati. Ranar da ta juya baya ta tafi sayayya waje, injinsa ya tsaya.

Me ya sa take son zuwa waje? Wani lokaci dole ce, don ba mu iya yin abin ba. Wani lokaci kuma sayen na waje ya fi maiƙo ga masu sa hannu, kuma ba ka manta badaƙalar kuɗin makamai ta dala biliyan 2.1 da ta fashe a 2015 ba. Amma kayan aro ba ya rufe katara. A 2014, Boko Haram na cin garuruwa a Borno da Adamawa, Amurka ta hana Isra'ila sayar mana da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra. Jiragen yaƙi na Amurka samfurin Super Tucano 12 da aka biya wajen dala miliyan 500 a kansu sai 2021 suka iso. Mai kuɗi a hannu ne ke jiran izinin wani kafin ya kare gidansa.

Turkiyya ta sha irin wannan. Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumin makamai daga 1975 zuwa 1978 saboda rikicin Saifurus. A 1985 suka kafa hukuma ta musamman da asusu nata na kanta, wanda ba ya jiran kasafin shekara-shekara, aikinta ta ba kamfanonin gida oda ta kuma biya. Ka san jirgin nan maras matuƙi, Bayraktar TB2, wanda Nijar da Nijeriya duk suka saya? Kamfanin da ke yin sa, Baykar, na iyali ne, ba na gwamnati ba, kuma a shekarun 1980 ya soma da sassaƙa kayan gyaran mota. Wato sana'arka. TB2 bai tashi ba sai 2014. Lissafa shekarun da ke tsakani, ka ga abin ba na gaggawa ba ne.

Mu ma ba a zaune muke ba. Proforce, kamfani mai zaman kansa a Ode Remo ta Jihar Ogun, yana ƙera motar sulke mai jure nakiya da ake kira Ara, har Chadi ta saya. Innoson, kamfanin ƙera motoci na Nnewi, ya taimaka wa sojan sama da kayan gyaran jiragen yaƙi samfurin Alpha Jet lokacin da samun su daga waje ya yi wuya. Jirgi maras matuƙi Tsaigumi, da aka ƙaddamar a Kaduna a 2018, sojan sama ne suka yi shi da wani kamfanin Fotugal. DICON kansa ya fito da motar sulke mai suna Ezugwu a ƙarshen 2019.

Sai dai idan ka ji an yi bikin yanke kyalle, ga tambayar da za ka riƙa yi: wane ɓangare aka yi a nan? Akwai ƙira, akwai kuma ɗaure noti. In an shigo da komai cikin kwantena, aka harhaɗa a Kaduna aka shafa fenti, ɗaure noti ne, ko da minista ya zo. Ɗauki harsashi guda ka juya shi a tafin hannunka. Kwanson nan gamin jan ƙarfe ne kashi 70 da zinki kashi 30. Akwai albarushi a ciki, akwai 'yar ƙyastun da ke gindinsa wadda ke tayar da wuta, ga kan da ke fita. In duk waɗannan daga jirgin ruwa suka sauka, ranar da aka rufe mana ƙofa muna nan inda muke a 2014. Haka farantin ƙarfen sulke, haka injin mota. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta kuwa, da aka soma tun 1979, har yau ba ta narka ƙarfen da aka gina ta dominsa ba. Shi ya sa ni a wurina yarjejeniya mai kyau ita ce wadda ta rubuta ƙarara cewa shekara kaza kashi kaza na kayan za a riƙa yi a gida, injiniyoyi kaza za a horar, zanen kuma ya zama namu. Gwamnati ita ma ta ɗaure kanta da odar shekaru da biya kan lokaci. Babu mai hankalin da zai ci bashin banki ya sayo injin miliyoyi saboda kwangila guda da ba a san ranar biyanta ba.

Tsoronka na makami ya faɗa hannun ɓata-gari yana kan hanya. Amma bindigar da aka yi da lasisi tana da lamba, ana iya bin sawunta daga masana'anta zuwa ma'ajiya. Waɗanda ke daji yawanci ta iyaka suka shigo, musamman bayan rushewar Libiya a 2011, ko an ƙwace su a fagen daga, ko wani maci amana ya sayar. Matsalar ƙidaya da tsaron ma'ajiya ce, kuma tana nan ko wa ya ƙera.

Batun rabonka, kada ka sa ran ƙera bindiga, kada ma ka gwada, doka ta hana kuma ɗauri ne. Rabonka yana cikin dubban ƙananan abubuwan da motar sulke ke bukata: maƙalai, ƙusoshi, marfin tanki, akwatin harsashi. Wurin da ake faɗuwa shi ne awo. A Panteka gwani kan dubi abu ya ce "ya yi", in bai shiga ba a ɗan goga. A wannan aiki za a miƙo maka zane, a ce guda 500, kowanne daidai da ɗan'uwansa, kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ya isa a mayar maka da duka. Saboda haka ka yi wa shagonka rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka mallaki ma'auni na ƙwarai, ka koyi karanta zane, ka tura yaro ɗaya ya koyi injin da kwamfuta ke sarrafawa. Ku kuma je a ƙungiyance, domin babban kamfani ba zai bi shago-shago yana neman ku ba.

TAMBAYA: Baba, da gaske ne sojojin Amurka na "buga" kayan gyara da inji kamar takarda?
Daga wata ɗalibar injiniya, Zariya.

AMSA: Da gaske ne, 'yata. Injin yana shimfiɗa garin ƙarfe, hasken leza ya narka shi daidai zanen da ke kwamfuta, a sake shimfiɗa wani, hawa-hawa har abin ya fito. Amfaninsa ya fi bayyana ga tsohon jirgin da aka daina yin kayansa. A 2012 gwamnatinsu ta buɗe cibiyar wannan fasaha a Youngstown ta Jihar Ohio, wadda yanzu ake kira America Makes. Ta zuba dala miliyan 30, kamfanoni da jami'o'i da sauran abokan tafiya suka kawo miliyan 40, don ƙaramin kamfani ya samu gwada injin da ba zai iya saye shi kaɗai ba. Bugawar ba ita ce mai wuya ba. Gwajin da zai tabbatar abin ba zai tsage a sararin sama ba, shi ke cin kuɗi da shekaru. In kina neman fannin da za ki ƙware, ki dubi gwajin ƙarfe.