Hukuncin ɗaukar jariri hoto da yaɗa shi a waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata shida da aure, sai bana Allah Ya ba ni haihuwa, na samu 'ya mace. Ina so in kira mai hoto ya zo gida ya ɗauke mu ni da ita kafin a yi arba'in, irin hoton nan da ake kwantar da jariri cikin kwando a yi masa ado. Uwar mijina ta ce a'a, wai hoto haramun ne, mala'iku ba sa shiga gidan da yake, kuma zan jawo wa yarinya baki. Ni kuwa Malam murna ce ta yi mini yawa, ko barci take sai in zauna ina kallonta. Ina da laifi idan na yi? Kuma zan iya sa hoton a WhatsApp da Instagram?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Barka da arziki 'yar'uwa. Allah Ya raya ta bisa Musulunci, Ya ba ki lafiyar shayarwa.

Murnar da kike yi ba abin ɓoyewa ba ce. Iyayenmu mata sun taso da alkunyar ɗan fari, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Wannan al'ada ce, addini bai ɗora ta a kan kowa ba. Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, shi kuwa ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Annabi ya ce masa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba.

Maganar surukarki tana da tushe. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa masu yin sura suna cikin waɗanda azabarsu ta fi tsanani ranar alƙiyama, kuma mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko sura. Inda malamai suka rabu shi ne wace sura ake nufi. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda Shehu Dardiri ya bayyana a sharhinsa na Muhtasar, littafin fiƙihu na Shehu Halil, wadda aka haramta ita ce surar abu mai rai da take da jiki da inuwa, gaɓoɓinta kuma a cike, wato mutum-mutumi. Wadda aka zana a takarda ko bango ko ƙyalle makaruhi ce idan an ɗaukaka ta, in kuwa a abin da ake takawa ne kamar shimfiɗa, barinta ne kawai ya fi. 'Yar tsanar da yara mata ke wasa da ita an ware ta daga hanin, domin Nana A'isha ta yi wasa da irinta a gidan Annabi.

Wannan duka a kan surar da aka yi da hannu ne. Da kyamara ta zo, sai Shehu Muhammad Bahit al-Muɗi'i, tsohon Muftin Masar da ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana cewa hoton kyamara tsare inuwar abin da Allah Ya riga Ya halitta ne, kamar abin da kike gani a madubi. Mai ɗauka bai ƙaga ido ba, bai ƙaga hanci ba, don haka dalilin hanin, wato kwaikwayon halittar Allah, babu shi a nan. Shehu Ibn Baz da Shehu Albani ba su yarda da haka ba, suka ce haramun ne sai da lalura irin ta fasfo da katin shaida. Shehu Ibn Usaimin ya tsaya tsakani: a wurinsa ɗaukar ba ta shiga surar da aka hana ba, amma bai yarda a ajiye hoto don tunawa kawai ba. Abin da na rinjayar shi ne halacci, musamman hoton da yake zaune a cikin waya, wanda in an kashe ta ba a ganin komai. In kin wanke shi, ki adana a cikin littafin hotuna. Rataye shi a bangon falo ne ban so, don a nan ne ya fi kusa da abin da hadisan suka yi magana a kai.

Halaccin yana tafiya da yadda aka yi aikin. Mai jego ta sha lalle da kwalliya, sannan a shigo da namiji ajnabi, wato wanda ba muharraminta ba, ɗakinta yana gyara mata zama, wannan bai halatta ba ko da hoton kansa halal ne. Ki nemi mace mai ɗaukar hoto, ko mijinki ya ɗauka. Kada a ɗauki yarinya tsirara. Gaskiya ne malaman fiƙihu ba su ba jariri hukuncin al'aura irin na babba ba, amma hoto yana daɗewa, za ta girma ta same shi, kuma ba ki san hannun da zai faɗa ba. Kada a sa mata fukafukai da sunan mala'ika. Akwai kuma wani salo da ake yayi, a ga jaririn kwana goma ya tallafe haɓarsa da hannu biyu kamar babba. Ƙwararru hotuna biyu suke haɗawa a kwamfuta, a kowane akwai hannun babba riƙe da kan yaron, sai a goge hannun. Wanda bai san haka ba ya saki kan jaririn da wuyansa bai yi ƙwari ba, ya cutar da shi, cutarwa kuwa haramun ce.

Sai batun yaɗawa, kuma nan ne na fi jin tsoro a kanki. Kambun baka gaskiya ne, haka Annabi ya faɗa. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Amiru ɗan Rabi'a ya ga Sahlu ɗan Hunaif ya tuɓe zai yi wanka, ya yaba kyan fatarsa, nan take Sahlu ya kwanta ciwo. Annabi ya yi fushi ya ce a kan me ɗayanku zai kashe ɗan'uwansa, me ya hana ka sa masa albarka? Ki lura, Amiru sahabi ne, ba maƙiyin Sahlu ba ne, sha'awa ce kawai ba tare da sa albarka ba. Ibnul Ƙayyim ma ya ce ba lalle sai an ga mutum ido da ido ba, siffanta shi kaɗai kan isa. To ina ga hoton da ɗaruruwan mutane za su gani, ba ki san wanda ya ce Masha Allah ba?

Ban ce sa hoton a intanet haramun ne ba, ba ni da nassin da zan faɗi haka. Na ce barinsa ya fi. Ke da kika yi shekara shida kina jira, kin fi ni sanin abin da zuciyar mace take ji idan ta buɗe waya ta ga jaririn wata. Ki tura wa mahaifiyarki da 'yan'uwanki na jiki da wanda yake nesa bai samu zuwa barka ba, ki roƙe su kada su wuce da shi gaba. Safe da yamma ki riƙa yi mata addu'ar da Annabi yake yi wa Hasan da Husaini, sai dai ke mutum ɗaya kike nema wa tsari: "U'izuki bi kalimatillahit tammati min kulli shaiɗanin wa hammatin, wa min kulli ainin lammatin." Ki haɗa da Falaƙi da Nasi. Laya da guru da ake ɗaura wa jarirai don maganin baki, ki bar su.

Game da surukarki, ra'ayin da take kai na manyan malamai ne, kada ki ɗauke ta wadda ba ta waye ba. Hoto mubahi ne, zaman lafiya da ita kuwa ya fi shi nauyi a mizani. Ki bar ɗanta ya yi mata bayani cikin ladabi. In ta amince, a kira mai hoton mace bisa sharuɗɗan da na faɗa, da kuɗin da ba zai sa maigida cin bashi bayan ragon suna ba. In ta ƙi, ki haƙura da kwandon da adon, ki ɗauki 'yarki da wayarki a cikin ɗakinki ki adana, ba ki da laifi.

Allah ne Mafi sani.