Amsa: Doctor Zhivago labarin soyayya ne ko na yaƙi?

Malama, kin tambaya ko littafin Boris Pasternak na soyayya ne, don kin ce ba ki son bayanin fagen daga. Kwantar da hankalinki. Harbe-harben ba su da yawa, abin da yaƙi ke yi wa gidajen mutane shi ne ya cika littafin.

Yuri Zhivago, jarumin littafin, likita ne kuma marubucin waƙoƙi, ga matarsa Tonya, ga Lara da zuciyarsa ta kasa saki. Juyin juya halin Rasha na 1917 ya zo, yunwa da sanyi suka kore shi da iyalinsa daga Mosko. Tafiyar nan tasu a taragon kaya zuwa tsaunukan Ural, a cunkushe da baƙi, ita ta fi taɓa ni a duk littafin. Daga baya mayaƙa suka tsare shi a hanya, suka tilasta masa zama likitansu, iyalinsa ba su san inda ya shiga ba.

A Italiya aka fara buga littafin a 1957, saboda hukumomin Sobiyet sun hana. Sai 1988 ya fito a gida.

Ki yi haƙuri da babukan farko. Mutum ɗaya yakan zo da suna uku, don haka ki riƙa rubuta sunayen a takarda.